Baƙin ramin da aka ce ya saita duniya

Tun 2023 wannan labarin yake yawo a WhatsApp, kuma duk bayan 'yan watanni sai ya sake tasowa: wai masana sun gano wani baƙin rami a sararin samaniya ya juyo, ya saita duniya, yana harbo mana wuta. Akwai gaskiya a ciki. Amma kafin wani ya fara rabon gado, mu duba abin da aka gani.

 Gungun taurari ne mai suna PBC J2333.9-2343, sunan da ko mai shi ba zai iya kira sau biyu a jere ba. A tsakiyarsa akwai baƙin rami, kamar yadda ake samu a tsakiyar kusan duk wani babban gungu, har da namu. Ramin kansa ba ya haske, don ko haske ya faɗa ciki ba ya fita. Abin da ke ci da wuta shi ne iskar gas da ƙurar da ke juyawa a bakinsa kamar ruwa a mazirari, suna gogayya har su yi zafi. Wani kaso bai samu faɗawa ba, ƙarfin maganaɗisu ya murɗe shi ya feso shi waje ta sama da ta ƙasa, tsiri biyu, da gudun da ya kusa kai na haske. Wannan kenan a taƙaice.

Yanzu ga inda ake ruɗewa. Idan ɗaya daga cikin tsirin nan biyu ya fuskanto mu kai tsaye, sai masana su kira abin bileza, kuma abin da suka ce ya faru da wannan gungun kenan: tsirinsa ya juyo ya fuskanto mu. To bileza ba wata dabba ce daban ba. Abu ɗaya ne, inda kake tsaye ne ya ba shi suna. Wanda ke kallonsa daga gefe, gungun taurari kawai zai gani mai fitar da igiyar rediyo.

Ku tuna mai gadi da tocilarsa. Idan yana haska gefen katanga, za ka ga ɗan haske ka wuce. Ya juyo ya dalle maka ido, sai ka rasa hanya. Batirin bai ƙaru ba.

Sai dai ita bileza ta wuce tocila, kuma nan ne ni abin ya fi burge ni. Tocilar mai gadi a tsaye take. Wannan kuwa abin da ke fitar da hasken shi ma yana tahowa, yana bin hasken nasa a guje kamar zai taka masa dunduniya. Saboda haka hasken da ya kamata ya bazu ko'ina sai ya tattaru gaba, ya iso a cunkushe, ya ninka ƙarfinsa sau ɗaruruwa ko fiye. Tsirin da ya ba mu baya kuma sai ya dushe har ya ɓace. Ɗauki misalin M87, gungun da aka fitar da hoton baƙin raminsa a 2019. A hotunan gungun, tsiri ɗaya ake gani. Biyu ne. Ɗayan gudunmu yake yi.

Shi ya sa aka daɗe ana yi wa bileza kallon tauraro, don haskenta ya danne na gungun. Wanda aka fara sani, BL Lacertae, an gano shi a 1929, aka rubuta shi a matsayin tauraro mai ƙyaftawa, sai a 1968 aka fara gane ba haka ba ne. Daga sunansa aka haɗa kalmar bileza a 1978.

To, zai ƙone mu? Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan minti 8 da ɗoriya. Daga wancan gungun kuwa, shekara miliyan 650 da wani abu. A lissafin masana, lokacin da hasken da muke gani yau ya baro can, ko ciyawa babu a doron ƙasa. Subhanallah. Abin da ya iso sai da na'ura ake ganinsa, fitilar wayarka ta fi shi damun idonka. Juyowar da ake ta yayatawa ma ta faru tun kafin a yi mai tura saƙon.

Amma wani abu yakan iso. Ran 22 ga Satumba, 2017, wata na'ura mai suna IceCube da aka binne cikin ƙanƙarar Antaktika ta kama wata ƙwaya guda da ake kira nutirino, wadda ke ratsa dutse kamar babu shi. Aka bi sawunta a sama, sai ga wata bileza, TXS 0506+056, haskenta na tsaka da ƙaruwa. In daga can ta fito, ƙwayar ta yi tafiyar kusan shekara biliyan 4 ba ta yi karo da komai ba, sai a cikin ƙanƙarar nan.