Masana'antar da ba a gina ba, da bashin dala biliyan 11

Assalamu alaikum, masu kallo.

A Kalaba, can jihar Kuros Riba, akwai wata masana'antar gas da ba a taɓa ginawa ba. Ba ta da katanga, ba ta da inji, ko maigadi ba ta da shi. Amma a ranar 31 ga Janairun 2017, wasu mutum uku da suka zauna a Landan suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6 saboda ita, tare da kuɗin ruwa kashi 7 cikin ɗari a shekara. Ku buga lissafin. Duk wayewar gari, sama da dala miliyan ɗaya ke hawa kan bashin. Kafin shekarar 2023 ya haura dala biliyan 11, kusan kashi ɗaya bisa uku na duk kuɗin ƙasashen waje da Babban Bankin Najeriya ke da shi a ajiye a lokacin.

Mutanen nan uku ba a kujerar wata kotun gwamnati suke zaune ba. To wa ya ba su iko a kan baitulmalin ƙasa guda? Najeriya ce da kanta, da biron ministanta.

A labarai za ku ji ana cewa "kotun sasantawa". Sunan na da ruɗi, don idan Bahaushe ya ji sasanci, abin da zai zo masa shi ne dattawa a zaure: kai yi haƙuri, kai ma rage wani abu, a shafa Fatiha a tashi. Wannan ba shi ba ne. Ya fi kama da 'yan kasuwa biyu da suka yi cinikin shanu, suka ce tun a wurin, in magana ta taso ba za mu je gaban alƙali ba, sarkin kasuwa zai raba mu, kuma abin da ya yanke ya zauna. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan tahkimi. A manyan kwangiloli, yawanci kowane ɓangare yakan zaɓi mutum ɗaya, a samo na uku ya shugabanci zaman. Ƙofa a rufe ake yi, ba 'yan jarida. Kuma hanyar ɗaukaka ƙara ƙanƙanuwa ce ainun.

Abin da ya ba hukuncin nasu haƙora shi ne wata yarjejeniya da aka ƙulla a birnin New York a 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, Najeriya ta shiga a 1970. Ta wajabta wa kotunan waɗannan ƙasashe su mutunta hukuncin masu sasanci, su kuma zartar da shi. Wato wanda ya yi nasara zai ɗauki takardarsa ya bi duniya yana farautar kadarorinka. Hukuncin babbar kotun Kano ba ya tafiya haka cikin sauƙi. Shi ya sa kamfanonin waje suke dagewa a kan wannan hanya.

To, mu koma Kalaba.

Ranar 11 ga Janairun 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta Najeriya, ƙarƙashin marigayi Rilwanu Lukman, ta sa hannu kan kwangilar shekara 20 da wani kamfani mai suna P&ID. Wasu 'yan ƙasar Ayalan biyu ne suka kafa shi, Michael Quinn da Brendan Cahill, suka yi masa rajista a tsibiran Virgin na Birtaniya. Ku tuna lokacin: Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua na kwance a asibiti a Saudiyya, Abuja kowa da abin da ya dame shi. A takarda cinikin ya yi kyau. Najeriya za ta kawo ɗanyen gas, irin wanda ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta, kamfanin ya tace, ya mayar mata da wanda za a yi wutar lantarki da shi ba tare da ta biya ko sisi ba, shi kuma ya riƙe abin da aka tace daga ciki ya sayar. Gas bai zo ba, ginin bai tashi ba. A 2012 kamfanin ya ce an saɓa masa alkawari, a biya shi ribar da zai samu cikin shekara 20.

Nan ne aikin lauya ya fara bayyana, kuma ina so ku tsaya a kan kalma ɗaya tak. Sashen kwangilar da ya yi magana kan rigima ya ce dokar Najeriya ce za ta yi aiki, amma wurin zaman shi ne Landan. Mene ne "wurin zama"? Lauyoyin Najeriya suka ce ai ɗakin taro kawai ake nufi, inda za a jera kujeru a sha shayi, amma kotunan Najeriya ne ke da ikon sa ido a kan sasancin. Lauyoyin kamfani suka ce a'a, Landan ita ce mazaunin shari'ar, saboda haka kotunan Ingila kaɗai ke da ta cewa. A 2016 masu sasancin suka ba kamfani gaskiya. Wata babbar kotun tarayya a Legas ta soke hukuncin farko da masu sasancin suka yi, cewa Najeriya ce ta saɓa alkawari, amma sokewar ba ta tsinana komai ba, don an riga an ce maganar ba a hannunta take ba. Wannan sashe yawanci a shafukan ƙarshe yake, a kansa ake zuwa lokacin da kowa ya gaji, ana jiran mai hoto. Ƙwararren lauya kuwa da shi yake fara karatu.

Waɗanda suka zauna ba ƙananan mutane ba ne. Lord Hoffmann, tsohon alƙali a kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani, shi ya shugabanta. Sai Sir Anthony Evans, sai Cif Bayo Ojo, tsohon Antoni Janar, wanda Najeriya ta zaɓa. Da aka zo kan kuɗi, Bayo Ojo ya ce dala miliyan 250 ta isa. Biyu suka rinjayi ɗaya.

Ta yaya lissafi ya kai biliyan 6.6? Mai sasanci ba ɗan sanda ba ne, ba ya fita bincike. Abin da aka ajiye masa a tebur da shi yake aiki. Michael Quinn ya rubuta doguwar shaida kan yadda aka ƙulla kwangilar, ya rasu a 2015 kafin a zauna kan maganar wa ya saɓa, kuma ɓangaren Najeriya bai kawo abin da zai rushe labarin nasa ba. Da aka zo ƙiyasin riba, wanda ya dogara kan farashin mai na shekaru masu zuwa, kamfani ya zo da masana da alƙalumansu, martanin Najeriya kuma ya zo da rauni. A ganina wannan ya fi komai ciwo a duk labarin. Mai kaya ya yi sake, an ɗaure masa akuya da igiyarsa.

Dokar sasanci ta Ingila ta 1996 ta ba wanda bai gamsu ba kwana 28 ya garzaya kotu. Najeriya ta zo da zargin zamba a Disambar 2019, kusan shekara uku bayan hukunci, kuma bayan wani alƙali a Landan ya riga ya ba kamfanin izinin fara bin kadarorinta. Sababbin lauyoyin da aka ɗauka sai da suka fara roƙon a buɗe musu ƙofar da ta rufe. A Satumbar 2020 Sir Ross Cranston ya amince, ya ce akwai ƙwaƙƙwarar alamar zamba.

Daga nan aikin ya koma na masu bin sawu. Lauyoyi suka shigar da buƙata a kotunan Amurka don a tilasta wa bankuna su fito da bayanan tura kuɗi. Aka bi saƙonnin waya da na imel, ɗaya bayan ɗaya. A farkon 2023 aka yi mako takwas ana shari'a a gaban Mai Shari'a Robin Knowles, kuma ranar 23 ga Oktoban shekarar ya ce da zamba aka samo hukuncin. Abu uku ya kama. An ba wata babbar jami'a a sashen shari'a na ma'aikatar man fetur cin hanci a kan kwangilar, shaidar Quinn kuma ta ɓoye haka. An ci gaba da ba ta kuɗi ana tsakiyar sasanci don bakinta ya zauna a rufe. Na ukun shi ne wanda ya girgiza lauyoyin Landan kansu: takardun sirri na ɓangaren Najeriya, shawarwarin da lauyoyinta ke ba ta kan inda take da ƙarfi da inda take da rauni, suna faɗawa hannun kamfanin, su kuma suna riƙewa suna karantawa. Kamar kana dara da wanda ke jin abin da kake raɗa wa abokinka.

Kada wani ya ɗauka kullum haka ake tsira. Wani kamfanin Sin mai suna Zhongshan, wanda ya yi rigima da gwamnatin jihar Ogun kan yankin ciniki maras haraji, ya ci Najeriya kusan dala miliyan 70 a 2021, bisa yarjejeniyar kare masu zuba jari tsakanin Najeriya da Sin. A Agustan 2024 sai ga labari wata kotu a Faris ta ba da umarnin riƙe jiragen fadar shugaban ƙasa uku. Jiha ce ta yi rigimar, tarayya ta kwashi kunya, domin a dokar ƙasa da ƙasa ba a san Ogun ba, Najeriya aka sani.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da lauyoyin fannin ke cin abinci a kai: wace kadarar ƙasa ake iya kamawa? A taƙaice, abin da ƙasa ke kasuwanci da shi ana iya taɓawa, abin da take mulki da shi yana da kariya. Ginin jakadanci ba ya kamuwa. Jirgin ruwan yaƙi ma haka. 'Yan uwanmu na Gana za su tuna Oktoban 2012, lokacin da wani kamfanin Amurka da ke bin Ajantina bashi ya sa kotun Akara ta tsare jirgin horar da sojan ruwan Ajantina, Libertad, a tashar Tema. Kotun Dokar Teku da ke Hambag a Jamus ta ce a sake shi, a Disamba ya kama hanya.

Teku ita ce inda kasuwanci da ikon ƙasa suka fi cakuɗewa. Ɗan Kantin Kwari da kwantenarsa ta kwana biyu a Apapa ko Kwatano ya san zafin dimorej, wato kuɗin da ake caji saboda jinkiri. To ku ɗauki wannan ku kai shi kan jirgin dakon mai sukutum, wanda hayarsa ta yini guda dubban daloli ce. Wa zai biya kwanakin da jirgi ya yi yana jiran layi, mai jirgi ko wanda ya yi haya? Yaushe agogo ya fara bugawa, da isowarsa bakin tasha ko da ɗaure shi a mashiga? Irin wannan rigima ce tuwon yau da kullum na lauyan jiragen ruwa, akasarinta a Landan ake yanke ta, da yawa ma a kan takardu kawai, ba wanda ya ga fuskar wani.

Wani lokaci kuma rigimar takan fi ƙarfin 'yan kasuwa. A Janairun 2018 sojan ruwan Najeriya suka kama wani jirgin dakon mai, San Padre Pio, yana juye man dizal a kusa da rijiyoyin mai na Odudu. Tutar Suwizalan yake ɗauke da ita. Ƙasar da ko gaɓar teku ba ta da shi, kamar Nijar, amma doka ta ba ta damar yi wa jirage rajista, jirgi kuwa ɗan ƙasar da ya ɗauki tutarta ne. Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 ta ce mil 12 na farko daga gaɓa ruwanka ne. Daga nan zuwa mil 200 kana da iko a kan kifi da mai da abin da ke ƙarƙashin ruwa, amma hanya ta kowa ce. An kama jirgin a wannan yanki na biyu. Suwizalan ta ce 'yancin zirga-zirga ne, Najeriya ta ce harka ce da ta shafi rijiyoyinta. A Yulin 2019 kotun Hambag ta ba da umarnin wucin gadi a saki jirgin da matuƙansa idan an ajiye jinginar dala miliyan 14. Ba a kai ga hukuncin ƙarshe ba, ƙasashen biyu suka daidaita a 2021. Ku lura, mai jirgi ba shi da bakin magana a can, sai da ƙasarsa ta ɗauki rigimar ta mayar tata, lauyoyi suka tsaya da sunan ƙasa kamar yadda aka yi a Kotun Duniya ta Heg kan Bakasi a 2002.

Shi kuwa P&ID, ko bayan ya faɗi bai bar lauyoyi sun huta ba. Wanda ya sha kaye a kotun Ingila shi ke biyan kuɗin lauyoyin abokin shari'arsa, Najeriya kuma ta gabatar da lissafin kusan fam miliyan 44. Kamfanin ya ce to, a bar shi ya biya da naira, tunda Najeriya daga nairarta ta canzo kuɗin. Kun san yadda naira ta zube daga 2023, da dabarar ta ci da bashin ya narke ya koma ɗan kaɗan. Sai da maganar ta kai Kotun Ƙolin Birtaniya, a Oktoban 2025 ta ce da fam lauyoyin suka rubuta takardar kuɗinsu, da fam aka biya su, saboda haka da fam kamfanin zai biya.