Yadda Ake Rufe Rijiyar Mai a Tsibirin Barrow

Jama'ar Damagaram, salamu alaikum. Tun 2011 matatar SORAZ ke tace ɗanyen man Agadem, amma ko wace rijiya tana da ranar ƙafewa. Yau za mu leƙa inda wannan rana ta riga ta zo.

Tsibirin Barrow na arewa maso yammacin Ostareliya, an keɓe shi don namun daji tun 1910. An samu mai a 1964, aka soma ɗiba a 1967, aka haƙa rijiyoyi wajen 900. A 2025 kamfanin Chevron ya daina ɗibar man, aikin rufewa ya kankama.

Ba murfi ake ɗorawa a tafi ba. Da farko a ɗura ruwa mai nauyi, na gishiri ko na laka, ya danne iskar gas da ke turowa daga ƙasa. A zare bututun ciki. A saukar da toshiyar ƙarfe kusa da dutsen da man ke fitowa, a zuba siminti bisanta, galibi tsawon mita 30 ko fi. Toshi ɗaya ba ya isa, sai an ƙara na biyu a sama, da wani daidai inda ruwan sha na ƙarƙashin ƙasa yake. In ya daskare, a danna shi da nauyin bututu, a matsa da famfo. Ma'aunin matsin ya sauka? To akwai yoyo, a sake.

Inda aka fi shan wuya shi ne tsohon simintin da ke bayan bututun waje, wato bututun ƙarfen da ya zama bangon rijiyar. Na shekara hamsin yakan tsage ko ya rabu da ƙarfe, gas ya bi ta nan ya hau, alhali ciki a toshe yake ƙam. Shi ya sa ake zura na'urar sauti ta auna kamun simintin. Inda bai kama ba, a huda ƙarfen a cusa sabo da ƙarfi. Mu a ganinmu duk wanda ya tsallake wannan awon bai rufe rijiya ba. Daga nan a yanke bututun a ƙarƙashin ƙasa, a yi masa waldar faranti.

Sai batun tsibirin kansa. Duk katafila da kwantenar da za ta shiga jirgi zuwa tsibirin sai an wanke ta an bincike ta, don ɓera mai ciki guda ɗaya ko gidan tururuwa na iya ɓarnata wurin. Kunkurun teku na nasa ƙwai a gaɓa, hasken fitila kuwa yakan ɓatar da ƴaƴansu su bar hanyar ruwa, saboda haka ake rage haske da dare. Ƙasar da mai ya jiƙa a kwashe ta a gyara, a shuka irin da aka tsinta a tsibirin kaɗai.

Ga mu nan da gandun Termit, inda barewa ke kiwo ba nisa da rijiyoyin Agadem. Takardar ko wace rijiya, zurfinta da inda siminti ya tsaya, tun yau ya kamata a adana ta, tare da kuɗin rufewa.