Darasin tuƙi: wuce mota lafiya, ko dama kake bi ko hagu

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar obatekin, wato wuce mota, za mu yi. Gyaran kujera da madubi ba zan taɓa su ba, kun riga kun sani.

Mu fara da hannu. Najeriya, Nijar, Saudiyya, Amurka da Faransa dama suke bi. Ingila, Indiya, Japan, Kenya da Afirka ta Kudu hagu. Najeriya ma hagu take bi a da, sai a 1972 ta koma dama. Ba sai ka haddace ƙasashe ba, riƙe abu ɗaya: direba ne ke kusa da layin tsakiyar titi, fasinja na wajen bakin titi, kuma ta ɓangaren da kake zaune kake wucewa. Wato inda ake bin dama ka fita ta dama... a'a, ta hagu, ta hagu nake nufi. Inda ake bin hagu, ka fita ta dama.

In ka je ƙasar da hannunta ya saɓa da naka, za ka ga motar tana ta jan jiki zuwa bakin titi, domin idonka ya saba zama a wancan gefen. Ka riƙa leƙa madubin gefe kana duba tazararka da layi. A wasu motocin ma ka je kunna sigina sai waifa ta tashi, wannan kam dariya ce kawai.

To ga inda nake so mu daɗe. Kun ga tirelar nan a gabanmu? Yawancin direbobi mannewa suke yi a gindinta, suna leƙe, suna komawa. Malam, in ka manne mata ka toshe wa kanka ido, shi ma direbanta ba ya ganinka. In ba ka ga madubinsa ba, bai san da kai ba. Ja baya. Bari ta wuce wancan turken, ka ƙirga, ɗaya, biyu, uku, sannan kai ka isa wurin. Kun ga yanzu titin ya buɗe? Ina hango mai zuwa tun daga nesa, ga kuma filin da zan ɗauki gudu tun ina hannuna.

Mu yi lissafi kaɗan. Tirelar tana kilomita 80 a awa, kai kana 100. Bambancin 20 ne, wajen mita biyar da rabi ke nan a kowace daƙiƙa. Haɗa tazarar baya, tsawonta, tsawon motarka da tazarar da za ka bari a gabanta, a ce mita 80. Daƙiƙa 14 zuwa 15 ke nan kana hannun wasu, ka ci mita 400. Mai zuwa, in shi ma 100 yake, ya ci 400 nasa. Mita 800 kake bukata fes babu kowa! Shi ya sa kwana, hawa, gada, mahaɗar titi da layin da bai yanke ba, duk ba wurin wucewa ba ne.

Yauwa, mu tafi. Madubin ciki, na gefe, sai waiwaye ta kafaɗa. Ni ina son ɗan ƙaramin madubin nan zagayayye da ake mannawa, ku nema, yana taimakawa, amma bai ɗauke maka waiwayen ba. Sigina. Rage giya ɗaya, daga biyar zuwa huɗu, mota ta samu ƙarfi. Totur, ba inda-inda. Kada ka koma sai ka ga fitilun tirelar biyu na gaba a madubin ciki. Ga su nan. Sigina, mun koma.

Mai keke ko babur, ba shi aƙalla mita ɗaya da rabi, rami kaɗan zai sa ya kauce. Kada kuma ka bi bayan wanda ke wucewa, hanyarsa ya gani, bai ga taka ba.

In ka fita ka hango mota ta ɓullo, saki totur, taɓa birki, koma bayan tirelar. In kuma kai ake wucewa, riƙe hannunka, kada ka ƙara gudu, in ya matsu ka ɗan sassauta ya shiga. Darasi na gaba shataletale ne, shi ma yana juyawa da hannun ƙasa.