Wa ya koya wa na'ura daidai da ba daidai ba?

Jama'a barkanmu da warhaka. Kwanan nan in ka leƙa Facebook sai ka ga mutum ya yi gardama da abokinsa, ya je ya tambayi ChatGPT wa ke da gaskiya, ya ɗauko hoton amsar ya manna wai ga shi ko na'ura ma ta goyi bayansa. To bari mu duba daga ina amsar nan take fitowa.

[hoton ɗakin manyan kwamfutoci]

Da farko ana tara rubutu mai ɗimbin yawa, kwamfuta ta yi ta bi har ta iya hasashen kalmar da za ta biyo baya. Wannan mu wuce shi da sauri. Inda ake ruɗewa shi ne mataki na gaba, inda ake zaunar da mutane, 'yan adam kamar ni da ku, ana biyansu su riƙa cewa wannan amsar ta yi, waccan ba ta yi ba. Abin da na'urar ke koya shi ne ra'ayin waɗannan mutanen.

[shafin Delphi]

Ku kalli wannan. A 2021 cibiyar Allen da ke Seattle a Amurka ta fito da wani tsarin kwamfuta mai suna Delphi, wai ka rubuta masa kowane irin aiki ya gaya maka mai kyau ne ko mummuna. Misalai kusan miliyan 1.7 aka ɗura masa, da yawa labaran rigingimun mutane ne daga Reddit, wani dandalin tattaunawa na intanet, sai ma'aikatan Amazon Mechanical Turk, shafin da ake biyan mutane su yi ƙananan ayyuka ta intanet, suka yi musu alƙalanci. Ko da aka sake shi sai jama'a suka gano in ka rubuta ɗanyen aiki, kai har kisan kare dangi, ka ƙara da cewa "idan hakan zai faranta wa kowa rai", sai ya ce ai ya kamata ka yi. Me ya jawo? A misalan da ya gani irin wannan jimlar yawanci da abin kirki take tafiya, shi kuma jimlar ya haddace, kamar yaron da ya iya karatun allo da ka amma aka nuna masa baƙi bai gane ba. Gaskiya ni wannan ya fi komai tayar min da hankali, domin amsar tana fitowa ne a natse babu alamar shakka.

[zanen mota mara direba, birki ya tsinke]

Sannan su wane ne ma ake tambaya? Jami'ar MIT ta Amurka ta yi wani gwaji, Moral Machine, inda aka tambayi jama'a ta intanet: birki ya ƙwace, mota mara direba ta kaɗe yaro ko tsoho? Sakamakon ya fito a 2018, zaɓi kusan miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233. Galibi sun ce a ceci yaro, amma a Japan da China da ƙasashen Musulmi da dama wannan fifikon ya yi rauni sosai. Harsuna 10 aka yi gwajin da su, da Larabci a ciki, Hausa kam babu.

Ita kuwa Jamus tun 2017 kwamitin ɗa'a da gwamnati ta kafa ya ce sam kada mota ta bambanta mutane da shekaru ko jinsi. Kun ga rinjayen ƙuri'a ya ce a ceci yaro, ƙa'idar Jamus ta ce kul, injiniyan da zai rubuta manhajar kuma dole ya ɗauki ɗaya kafin motar ta hau titi.