Gudun Mota a Fim: Yadda Sakan 4 Ke Komawa 3

[Hoto: baƙar mota ta sha kwana, taya na hayaƙi]

Tsaya nan. Ɗan mayar da shi baya. Yauwa.

Wannan guntun bidiyon ne ya hana mu sakat a makon nan. Wasu na cewa wallahi da gaske direban ya taka motar haka, wani har ya rantse gudun ya kai kilomita 200 a awa. Wasu kuma na cewa duk aikin kwamfuta ne. Jiya a teburin mai shayi a Bauchi Road, nan Jos, sai da shayin wani bawan Allah ya huce a kan wannan musun. To kowa ya riƙe rantsuwarsa tukuna.

Abin da ke jan mu ga irin waɗannan finafinai ba ɓoyayye ba ne. Tun muna yara a gidan kallo, in aka zo wajen tsere, ko mai fassara ba ma nema: ɗaya na gudu, ɗaya na bi, shi ke nan. Ɓarawon motar ma kullum sai an wanke shi tas kafin a miƙo mana. A Gone in 60 Seconds na shekarar 2000, mota 50 aka ce Nicolas Cage ya sato, in ba haka ba a kashe ƙaninsa. Sai ka tsinci kanka kana yi wa ɓarawo addu'a. Ni da aka taɓa cire wa batir a ƙofar gida ina masallaci, ni ma sai da na ce Allah Ya fid da shi.

Wannan haɗa waya biyu da akta ke yi a ƙarƙashin sitiyari kuwa, je Dilimi, wajen 'yan kayan gyaran mota, ka tambayi kowane ɗan rewaya. Yawancin motocin yanzu, in ƙwaƙwalwar motar ba ta gane makullinta ba, inji ba zai tashi ba. Mu wuce.

[Hoto: hannu na sakin shafukan littafi, zanen mota na motsi a gefe]

Ga inda ake ɓata. Ku ba ni hankalinku.

Abin da kake gani a fim hotuna ne tsayayyu a jere, kamar zanen da muke yi a gefen littafin lissafi mu saki shafukan da babban yatsa. Ƙa'idar silima ita ce hoto 24 a kowane sakan. Kyamara ta ɗauki 24, na'urar haskawa ta nuna 24, komai ya tafi daidai yadda ya faru.

To a ce mai kyamara ya rage, ya koma ɗaukar 18 a sakan. Mutane da yawa in sun ji an ce an rage, sai su zaci motar za ta yi sanyi. Akasin haka ne. Dubi allon.

[Hoto: 18 × 4 = 72, sannan 72 ÷ 24 = 3]

Mota ta yi tafiyar sakan 4, kyamara ta tara hoto 72. Ita na'urar haskawa babu ruwanta da yadda aka ɗauka, 24 ta sani. Sai ta cinye hotunan nan 72 a sakan 3. Titin bai ragu ba, lokacin ne ya ragu. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa, ga ta a idonka tana 80, alhali direba bai ƙara taka totur ba ko kaɗan.

Kafin a san kwamfuta a harkar fim ake wannan. A The French Connection na 1971, inda Gene Hackman ke bin jirgin ƙasa ta ƙarƙashin gadarsa a birnin New York, an ɗaura kyamara a gaban motar kusa da ƙasa, aka kuma rage ta zuwa 18. Yau galibi a wajen tace fim ake cire hotunan, don haka 'yan ɓangaren kwamfuta suna da ɗan rabonsu na gaskiya. Lissafin dai bai canza ba.

Na san tambayar da ke bakinku: me zai hana a sauke zuwa 12, gudun ya ninka? Saboda ba motar kaɗai ke sauri ba. Duk abin da ke cikin hoton ya shiga. Mai tallar da ke tsallaka titi sai ta koma kamar Charlie Chaplin, ɗan barkwancin tsofaffin finafinai mai tafiya sauri-sauri. Tuta ta riƙa kaɗawa kamar an sa mata fanka. Mafi muni, motar ta rasa nauyinta. Idonka ya san yadda mota mai nauyin tan ɗaya da rabi ke kwanciya gefe in ta sha kwana, ya san tsawon lokacin da take lilo kafin ta daidaita bayan ta faɗa rami. Mu 'yan Jos ai ba a koya mana ramuka. Da zarar lilon nan ya yi sauri fiye da kima, sai ka ji motar ta zama ta gwangwani irin wadda yara ke ja da zare. Shi ya sa ƙwararru ke yawan tsayawa a 22 ko 20. A 22, ƙarin bai ma kai kashi 10 cikin 100 ba. Ɗan gishiri ne, wanda in ka ji ɗanɗanonsa to ya yi yawa.

A ganina, a nan ake gane fim ɗin da aka yi da hankali. In motar na da nauyi, cikinka zai ɗuri ruwa. In ba ta da shi, ko daga jirgin sama aka jefo ta, kallo kawai kake yi.

Sauran dabarun, ku bi hoton da ido. Kyamara a ƙasa, kwalta na shigewa kamar ruwa. Falwaya da bango kusa da mota, suna wulgawa. Ƙarar inji da kukan taya, yawanci daga baya ake ɗora su. Wannan kuma Ronin ne na 1998, a Paris: sitiyarin da ke hannun Robert De Niro na bogi ne, direban gaske na zaune a ɗaya gefen. Ɗaliban makarantar fim ta ƙasa da ke nan Jos za su ce na tona musu darasi, ku yi haƙuri.

Gwada da wayarka. Tsaya a gefen Ahmadu Bello Way, a gefe fa na ce, ka ɗauki keke yana wucewa kana tsaye. Sai ka tsuguna, ka sauke wayar kusa da ƙasa, ka ɗauki na bayansa. Kwatanta su. Wanda kuma ya ce zai gwada gudun da kansa a gangaren Hawan Kibo, babu hannuna.

Masu cewa da gaske ne, ga naku. Bullitt, 1968, tuddan San Francisco, waɗanda duk ɗan Jos zai ga kamar ya san su. Nan kam an taka mota da gaske, amma a titunan da aka rufe, kuma makonni aka yi ana ɗaukar abin da ka kalla a kusan minti 11. Mai tace fim ɗin, Frank Keller, har lambar yabo ta Oscar ya ci. Duk da haka, zuba ido a kan koriyar Volkswagen ɗin nan, irin wadda muke kira ƙwaro. Motocin da ke tseren sun wuce ta.

[Hoto: gangare ɗaya, daga wata kusurwa]

Ga ta kuma. Sauka ɗaya ce aka ɗauka da kyamarori da yawa, aka jera mana ita kamar sabuwa.

Ga ta nan dai.