Ka sauya intanet, to imel ɗinka fa?

Isuhu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Yamai. Ga Tanti Rakiya, ga Abdu can yana fama da gawayi, shayin farko ma bai tafasa ba.

Abdu: Gawayin ne jiƙaƙƙe.

Isuhu: Kullum da dalili. To, tun da Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan adam, ta fara aiki a ƙasar nan a 2025, duk fadar da ka zauna maganar sauya intanet ake. Wannan zai ajiye boks ɗinsa na wifi, wancan ya ce shi fibur zai ja, wato intanet na igiya. Satin nan saƙon murya uku muka samu, tambaya guda: in na bar kamfanina, imel ɗina zai mutu?

Rakiya: Amsar ai tana bayan alamar nan.

Isuhu: Tsaya Tanti, bari in faɗa. Ka duba abin da ke bayan arobaz, wannan "a" da ta naɗe jela. In ka ga gmail.com, ko yahoo.fr, ko hotmail, kwanta ka yi barcinka. Ba ruwansa da Airtel, ba ruwansa da Moov, ba ruwansa da Zamani. Ko a siber ɗin Wadata ka buɗe shi, ko a Makka, akwatinka yana nan. Orange ma da aka sayar a 2019 ta koma Zamani, wa ya rasa Gmail ɗinsa? Babu.

Rakiya: Abin da zan faɗa ke nan.

Isuhu: Amma in kamfanin da ya ba ka intanet shi ya ba ka adireshin, da sunansa a baya, to ɗakin haya kake. Tsofaffin ma'aikata sun san intnet.ne, na zamanin Sonitel, kafin a haɗa ta da SahelCom a 2016 a yi Niger Telecoms. Je ka duba tsofaffin takardun ofisoshi, shi za ka gani ƙarƙashin lambar akwatin gidan waya. Duk mai adireshi irin na kamfani, kowane kamfani ne, kafin ya yanke ya je ya tambaya baki da baki: in na tafi za ku bar mini akwatin? Har yaushe? Da kuɗi ko kyauta? Kuma ya nemi a rubuta masa.

Abdu: Ni fa nawa na farko Caramail ne.

Isuhu: Allah ya jiƙan rai! Caramail! Ai a 2009 aka rufe wancan na asali. Me ka sa wa kanka?

Abdu: Sunana mana.

Rakiya: Ƙarya kake, Abdu. Na gan shi. Da "bogos" a ciki.

Isuhu: Bogos! Wai kyakkyawan saurayi! Ɗan Tawa!

Abdu: Lokacin ina lise ne, Yaya. Kowa haka yake yi. Mai siber ɗin ma shi ya ba ni shawara, ya ce sunana an riga an ɗauka, in ƙara wani abu.

Isuhu: Sai ka duba madubi ka ce bogos. Ba ka ce "ɗan malam" ba, ba ka ce "mai haƙuri" ba.

Rakiya: Da ya koma Yahoo ma bai bar shi ba. Da shi ya aika dosiye na neman aiki.

Isuhu: La ilaha! Darakta ya buɗe akwati da safe, ya ga saƙo daga bogos. Sun kira ka?

Abdu: Sun kira ni.

Isuhu: Don su ga fuskar ne! Suka gani suka ce a'a, ba shi ba ne, a kira na gaba.

Abdu: Ga shayi, ko bakinka zai huta.

Isuhu: Bogos ya dafa, dole ya yi daɗi. Kai, sukari ya yi yawa.

Rakiya: Ku bar ni in yi maganar da na zo da ita. Ni a ganina mu nan ba adireshin ba ne matsalarmu, yawancinmu Gmail muke da shi, tun ranar da mai sayar da waya ya buɗe mana. Pus, wato katin layin waya, shi ne matsalar. Bara na sa wifi a gida, sai na ga layin da nake saya wa forfe na intanet ba shi da sauran amfani. Na cire shi na jefa cikin kwanon 'yan kunne. Wata da watanni, wayata ta faɗa ruwan wanki. Na sayi sabuwa, na sa adireshina, kalmar sirri ta ɓace mini. Sai Google ta ce ta aika lambobi shida zuwa layin da ya ƙare da kaza. Wancan layin ne. Na tono shi, na sa, shiru, ya mutu. Kuma lambobin mutanena duka, da hotunan sunan ɗiyata, da ajiyar WhatsApp, duk suna cikin wannan akwatin.

Abdu: Subhanallahi. Sai yaya?

Rakiya: Sai na kira tsohuwar lambata da wayar maigida. Wallahi aka ɗauka. Wani bawan Allah, ya ce shi yana Galmi, albasa yake sayarwa, layin sabo ya saye shi. Na yi masa bayani, na ce saƙo zai shigo yanzu. Ya ce, "Hajiya, bari in kira yaro ya karanta." Ina jin jaki yana kuka a bayansa. Yaron ya karanto mini lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Abdu: Kun ji mutanenmu na Adar. Amana!

Isuhu: Amana ko ganganci? Tanti, ki yi haƙuri, amma abin da kika yi shi ne sak abin da 'yan damfara suke yi. "Saƙo ya shigo wayarka bisa kuskure, karanto mini." Da haka ake sace WhatsApp ɗin mutane. Mai albasa ya yi sa'a ke ce. Jama'a, kowa ya ce ku karanto masa lambobi, ku kashe waya.

Rakiya: Ai da ya kashe, da na shiga uku.

Isuhu: Shi ya sa tun layin yana raye ake gyara. Ka shiga wurin tsaro na akwatinka, ka sauya lambar waya, ka sa wani imel na biyu. Google ma tana ba da lambobin ajiya guda 10, ka rubuta a takarda ka sa inda kake ajiye takardar haihuwa. Kuma mai cewa na buɗe Gmail na ajiye shi sai ranar buƙata, tun Disamba 2023 suna iya goge akwatin da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Abdu: Mai ƙungiya ko mai kamfani fa, wanda ya buga adireshin a allo da hatimi?

Isuhu: Wannan ya sayi sunansa na kansa, .ne ko .com, yana biya duk shekara. Ko sau goma ya sauya intanet adireshin bai motsa ba. Kafin nan ya sa tsohon akwati ya riƙa tura saƙonni zuwa sabo, ya sanar da banki da... Na rubuto abu biyar fa, na manta takardar a babur.

Rakiya: An kira magariba, Isuhu.

Isuhu: To sai mako mai zuwa mu ƙarasa. Bogos, zuba na biyu kafin mu tashi.

Abdu: Wutar ta mutu.