Gudun dogon zango da karatun jami'a: yadda ake raba wa jiki ɗaya aiki biyu

[Hoto: asuba, ɗalibai uku na gudu a gefen titin Dass, kusa da Yelwa]

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ɗalibai. Bayanin yau na masu gudun dogon zango ne, da masu tseren keke, da duk wanda ya ɗauki wasan da ke buƙatar dogon numfashi alhali yana da lacca ƙarfe takwas na safe. Ko kana Yelwa ko Gubi a ATBU, wato Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, ko Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, ko can Jami'ar Tarayya ta Kashere, kukan ɗaya ne: wai babu lokaci.

To mu yi lissafi mu gani. Mako guda awa 168 ne. Cire 56 na barci, wato awa takwas kowane dare, saura 112. A tsarin jami'o'inmu ɗalibi yakan ɗauki kiredit 15 zuwa 24 a simesta. Mu ɗauki mafi yawa, mu ce awa 24 kana aji, mu ƙara wasu 24 na bita da asaimen. Saura 64. Salla, abinci, wanki, layin ruwa, jiran mota, a ba su 35. Har yanzu akwai 29 a hannunka. Shi kuwa mai shirin tseren kilomita 10, ko rabin fanfalaki mai kilomita 21, awa biyar zuwa bakwai a mako sun ishe shi.

Ashe ba lokaci ne ke ƙarewa ba, ƙarfin jiki ne. Ƙafa da ƙwaƙwalwa daga aljihu ɗaya suke ciro kuɗi, kuma abu biyu ne kawai ke zuba wa aljihun nan: abinci da barci. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa a zaune. Idan ka zazzage komai a kan titi da asuba, za ka je aji, za a kira sunanka ka amsa, amma ko kalma ɗaya ba za ta zauna ba.

[Hoto: tsohon hoton tsere, baƙi da fari]

An taɓa haɗa biyun kuwa? An yi. Ranar 6 ga Mayu, 1954, a Oxford da ke Ingila, Roger Bannister ya zama mutum na farko da ya gudu mil guda a ƙasa da minti huɗu: minti 3 da daƙiƙa 59.4. A lokacin ɗalibin likitanci ne a Landan, kuma a hutun cin abincin rana yake fita atisaye. Daga baya ya zama babban likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Gaskiya mil guda ba fanfalaki ba ne, tazarar ba ɗaya ba. Amma dubi yadda ya yi: ya yanka atisayen daidai girman ramin da karatu ya bar masa.

Kishiyar wannan shi ne ɗalibin da ke kallon Eliud Kipchoge, gwanin tseren fanfalaki ɗan Kenya, a YouTube ya ce shi ma haka zai yi. Kipchoge yana gudun sama da kilomita 200 a mako a sansaninsu na Kaptagat da ke Kenya. Idan ya dawo ya ci, ya kwanta. Gudun ne sana'arsa, babu malamin da ke jiran rahotonsa na firaktikal.

Yanzu mu zo ga abin da na fi so a riƙe. Yawancin masu farawa suna gudu da sauri fiye da kima, kullum. Ka fito da abokai, wani ya ɗan ƙara wuta, kai ma ba za a bar ka a baya ba, kafin ka ankara atisaye ya zama tsere. Manyan 'yan gudun duniya ba haka suke ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na gudunsu a hankali suke yi, sauran 20 ne na wahala. Gane "a hankali" ba ya buƙatar agogo mai tsada. Idan kana gudu kana iya ba abokinka labari jimla guda cikakkiya ba tare da ka tsaya haki ba, kana daidai. Idan kalma biyu-biyu kake fitarwa, ka wuce gona da iri.

Me ya sa? Domin a wannan gudun na sannu ne zuciya ke ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini ke yawaita cikin tsoka, tsokar kuma ta koyi ƙona kitse maimakon ta cinye sukarin da ta adana. Ga ɗalibi akwai ƙarin riba: bayan minti 45 na irin wannan gudun za ka watsa ruwa ka shiga aji da kai garau. Gudun wahala kuwa yana bin ka bashi na kwana ɗaya zuwa biyu. Saboda haka sau ɗaya a mako ya isa, biyu in jiki ya saba, kuma a ɗora shi a ranar da jadawalin lacca ya fi sauƙi. Dogon gudu, na awa ɗaya da rabi ko fiye, a bar wa Asabar ko Lahadi. Kwana ɗaya a mako kada a taɓa takalmi ma. In za a ƙara nisa, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a kan na makon jiya, domin zuciya da huhu sun fi ƙashi da agara saurin sabawa. Wanda ya yi gaggawa ƙwaurinsa ne zai fara gaya masa.

[Hoto: rana tsaka, ƙura na tashi a titi]

Sai batun gari. Littattafan gudu akasari a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Mu a nan daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, Gombe ma ta fi Bauchi jin jiki don ta fi ta gangare. 'Yan Filato da kan yi zarra a cikin 'yan Najeriya a tseren fanfalaki na Legas suna da gatan da ba mu da shi: Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, ninkin tudun Bauchi ke nan, ga sanyi. Mu gatanmu shi ne asuba. Ka kwana da kayanka a gefen katifa, ka idar da salla ka ɗaura takalmi, kafin ƙarfe bakwai ka dawo. Gudun la'asar a watan Afrilu ba jarumta ba ce.

A zafi mutum na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi cikin awa guda. Ka auna nauyinka kafin ka fita da bayan ka dawo: kowane kilo da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa, wato leda biyu ta fiyawata. Da ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinka, gudu zai ragu, natsuwa ma haka. Dubi fitsarinka da hantsi. In ya yi ja kamar shayi, ruwa bai ishe ka ba. Bayan dogon gudu a haɗa da gishiri, ko a jiƙa ORS, wato haɗin gishiri da sukari.

Da hunturu matsalar ta koma ƙura. Ranar da hazo ya rufe har ba ka hango ƙarshen titi, rage gudun ko ka ɗage shi, balle in kana da asma. Da azumi kuwa a sauke buri ƙasa: ɗan sassarfa dab da shan ruwa, ko gudu bayan asham, amma wahalallen atisaye da baki a bushe babu wanda ya aike ka.

[Hoto: tanda, ana juya masa]

Abinci. Nan ne ɗalibi ke cewa ai ba shi da kuɗin cin abincin 'yan wasa. Wane abinci ke nan? 'Yan gudun Kenya tuwon masara suka fi ci, da ganye da wake da shayin madara. Namu bai gaza nasu ba. Tsoka da hanta suna adana sukarin da ake kira gilaikojin, kusan giram 500, dogon gudu kuma yana kwashe shi. Abin da ke mayar da shi shi ne tuwo, shinkafa, dankali, masa, kunun gyaɗa, fura. Na gyaran tsoka kuwa furotin ne, kuma mai atisaye yana buƙatar giram 1.2 zuwa 2 a kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 72 zuwa 120. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, saboda haka ba da ƙwai kaɗai za a cike ba. A tara daga wake, awara, ƙuli-ƙuli, nono, kifi busasshe. Garau-garau da ake raina wa ɗalibi, wallahi abincin mai gudu ne.

Abin da ya fi yi wa ɗalibai illa shi ne dawowa daga gudu, a yi wanka a guje, a tafi aji da ciki wayam, wai sai an fito a ci. Tsaya wajen mai koko da ƙosai. In babu hali, dabino da ƙullin gyaɗa a aljihu.

'Yan'uwa mata, ku kula da ƙarancin jini. Al'ada tana rage sinadarin ayon, gudu ma yana ƙara cin sa. Idan kin ga gajiya ba ta tafiya, kina haki a ɗan hawan bene, je asibitin makaranta a duba jininki. Zogale, hanta da wake suna taimakawa, amma a raba su da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotsar ayon ɗin. In kuma al'ada ta ɗauke bayan kin ƙara atisaye, alama ce abinci bai kai aikin da kike yi ba, ki ga likita.

[Hoto: aji da dare, ɗalibai na karatu da fitilar waya]

To, ga inda ake faɗuwa: barci. Baligi yana buƙatar awa bakwai zuwa tara. Cikin barci ne jiki ke gyara tsokar da gudu ya yayyaga, kuma cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke kafe abin da ka karanta da rana. Wanda ya yi TDB, wato karatu har gari ya waye, ya kwana a aji, ya fito ya ɗaura takalmi da asuba, ya cuci karatun, ya cuci gudun. In za ka tashi ƙarfe biyar, ƙarfe goma ta same ka a kwance. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana cike giɓi. Goro da Nescafé kuma a daina su tun da rana, domin bayan awa biyar rabin sinadarin yana nan cikin jini.

Ni a ganina, simesta ya kamata a tsara kamar kakar wasa. Makonnin farko, ana rajista, lacca ba ta kankama ba, nan ne lokacin tara kilomitoci. Da an shiga makon tes, sauke kashi ɗaya cikin uku. Mako biyu kafin jarrabawa, raba gudun gida biyu ka ajiye rabi: fita uku a mako, minti 30 zuwa 40, da ɗan ƙara wuta na 'yan daƙiƙoƙi a ƙarshen ɗaya daga ciki. Kada ka ji tsoron ƙarfinka zai zube. Ƙwararru ma da gangan suke rage atisaye mako biyu zuwa uku kafin babban tsere, su fito sun fi da ƙarfi. Amma kwas mai kiredit uku da ka samu F, sifili ne za a ninka sau uku a zuba cikin CGPA ɗinka, ga kari-oba na jiran ka baɗi. Tsere kuwa wani zai zo. Shi ya sa ake zaɓen gasa da kalandar makaranta a hannu, a nemi wadda ta faɗo a hutu ko farkon simesta.

Jiki yana magana kafin ya faɗi. Kowace safiya kafin ka tashi zaune, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun minti ɗaya. In ya haura yadda ka saba da bugu biyar zuwa goma, kwana biyu ko uku a jere, huta. Haka in barci ya ƙi zuwa duk da gajiya, ko ka karanta shafi sau uku ba ka san me ya ce ba. Da zazzaɓi a jiki ba a gudu, ko na cizon sauro ne ko na mura, sai an warke a dawo a hankali. Ka kuma san jinotayif ɗinka. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya na iyayensa. Mai AS yana gudu lafiya lau, amma tsananin wahala a cikin zafi da ƙishirwa na iya kayar da shi farat ɗaya, saboda haka ya gaya wa koci, kuma da ya ji ƙafa ta mutu ko ciwo ya zo ba zato, ya tsaya. Wanda kuma ya ce maka ka sha tiramol don ka daɗe kana gudu, ba masoyinka ba ne. Ban da jarabar da yake sawa, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024.

Saura takarda. Jami'o'i da yawa ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai halartarsa ta kai kashi 75 cikin 100. In an zaɓe ka wasannin NUGA, gasar jami'o'in da aka fara a Ibadan a 1966, ko wata gasa da za ta fitar da kai daga gari, je sashen wasanni su ba ka wasiƙa da hatimi. Kai kwafi ofishin shugaban sashenku, sannan ka bi malaman ɗaya bayan ɗaya tun kafin tafiya, ka gaisa, ka ce: "Malam, ga takarda, zan yi tafiyar makaranta ranar kaza. In tes ya faɗo a ciki, yaya za a yi?" Riƙe kwafi ɗaya a jakarka, kuma ka bar wa wani amintacce a aji littafinka ya riƙa kwafe maka abin da aka yi.